Fim Ɗaya, Ƙarshe Uku

Idan ka shiga layin masu gyara, ka wuce mai facin taya da mai yankan gilashi, shago na uku nasa ne. Ba ya bukatar allo, don matattun talabijin ne jere a ƙofa, wani kan wani, wasu an cire musu marfin baya wayoyinsu duk a waje. Kowa Injiniya yake ce masa, har matarsa, ko da yake ita idan ta faɗa akwai ɗan jan muryar da ke tuna masa cewa bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shi kuma Tela yake kiranta, domin tun kafin su yi aure take kan keken ɗinki, kuma har yau keken na nan a ɗakin gaba na gidansu, kusa da taga.

Siririn mutum ne, furfura a gefen kai kawai, tabaransa ɗaure da zare don kada ya faɗa cikin kayan mutane. Ba shi da hayaniya ko kaɗan. Za ka iya zama awa guda a kan bencinsa ba ka ji komai daga bakinsa ba sai "miƙo min wancan". Amma kada Allah ya sa ka yi kuskuren tambayarsa mene ne a cikin gwangwanin biskit ɗin da ke saman kanta. Mai yankan gilashi ya taɓa tambaya sau ɗaya, da rana tsaka, kuma sai da abincinsa ya huce a hannu kafin a sake shi.

Abin da ke cikin gwangwanin fim ne guda ɗaya, tsohon fim ɗin ban tsoro na Koriya. Labarin wani saurayi ne ma'aikacin asibiti a wani ɗan tsibiri, da yayarsa wadda ta raine shi tun suna marayu, wadda wata cuta ta mayar da ita mai shan jini. Ya ɓoye ta a wani ɗaki can ƙuryar gida, yana sato mata jini daga asibiti a cikin jakar abincinsa, ita kuma kullum yunwarta ƙaruwa take yi. Fim ɗin ke nan. Sai dai Injiniya yana da shi har fitowa uku, kuma a wurinsa wanda ya ce duk ɗaya ne bai san abin da yake faɗa ba.

Ta farko kaset ce, wadda ya karɓa lokacin da shagon hayar fina-finai na bakin titi zai rufe. Hotonta duhu ne, an kuma datse gefe da gefe don ya cika talabijin na da, har akwai wurin da mutum biyu ke magana amma hancinsu kawai kake gani. Ta biyu faifai biyu ne a gida ɗaya. A wannan komai ya yi kore-kore, jinin ya koma baƙi kamar tsohon man inji, kuma wanda ya raba fim ɗin ya yanke shi ne a tsakiyar magana: yayar ta buɗe baki a faifan farko, sai ka tashi ka canza kafin ka ji abin da za ta ce. Injiniya bai yafe wa mutumin nan ba har yau. Ta uku faifai ɗaya ne mai faɗin hoto, da ƙarin minti shida a kasuwar kifi, inda yayar ta tsaya tana kallon wuƙar mai yanka. Fassarar da ke ƙasan hoto ma kowace da tata. Inda kaset ta ce "ina jin yunwa", faifai biyun cewa suka yi "cikina yana kewarka", na ukun kuma ya ce "kada ka matso".

Yadda yake gwada su abin kallo ne. Ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya jera talabijin biyu a kan tebur, ya haɗa kowanne da injinsa, ya ɗora yatsa ɗaya a nan ɗaya a can, ya danna lokaci guda. Sannan ya zauna da agogo da wani littafi mai baƙin bango, yana rubutawa: a minti kaza labulen ɗakin ja ne a nan, ruwan ƙasa a can, a minti kaza ana jin kukan tsuntsu a kaset, babu shi a faifai. Littafin ya kusa cika. Duk wanda ya duba zai rantse babu daƙiƙa ɗaya a fim ɗin nan da ta tsere wa Injiniya.

To ga abin da ba wanda ya sani a layin, ko a gida. Injiniya bai taɓa ganin ƙarshen fim ɗin ba. Saura minti huɗu a gama akwai wurin da jini ya ƙare a asibiti, yaron ya dawo hannu wofi, yayar ta tashi a hankali ta ɗauki guduma, ta juyo ta dube shi. Nan ne iyakar Injiniya. A shago, hannunsa ne ke kai wa maɓallin kashewa tun kafin ya yi shawara da shi. A gida kuwa, inda ba dama ya kashe, ido yake rufewa gam.

Abin ya samo asali ne wata uku da aurensu. Ya hayo kaset ɗin wata ranar Asabar da rana don ya nuna wa amarya cewa ta auri namijin da ba ya tsoro. Tela ta yi ta ƙoƙari, tana leƙe ta tsakanin yatsu, har aka zo wurin gudumar. Nan ta cusa fuska a kafaɗarsa ta ƙanƙame masa hannu. Abin da ba ta sani ba, gogan nata ya riga ta rufe ido. Shi ma yayarsa ce ta raine shi, tun yana ɗan shekara shida da mahaifiyarsu ta rasu, ita ke yi masa wanka, ita ke goya shi zuwa asibiti. Ya iya kallon haƙora da jini da gawa a cikin rijiya, amma ya ga yaya ta sauke guduma a kan ƙanenta, wannan zuciyarsa ta ce ba da ita ba. Sai ga ƙarar duka, ƙwam, ƙwam, ƙwam, ga yaron yana ihu kamar ransa zai fita.

"Me ya faru?" in ji Tela daga cikin rigarsa. "Ta buge shi?"

Ango ɗan wata uku ba ya cewa ban sani ba. "Ba ta buge shi ba," ya ce, idonsa a rufe. "Sun fita tare. Ga su can a tashar jirgin ƙasa."

"Wannan dukan fa?"

"Layin dogo ake gyarawa."

"Ihun fa?"

"Kiranta yake ta yi sauri kada jirgi ya tafi ya bar su."

Jirgin ƙasa, a tsibirin da ko keke da ƙyar yake samun wurin juyawa! Amma Tela ta sauke ajiyar zuciya ta ce kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Da kiɗan ƙarshe ya tashi suka buɗe ido kusan tare, ita tana kallonsa kamar ya ceto ta daga gobara. Daga ranar fim ɗin ya zama nasu. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara, idan yara sun fita, sai ta rufe keken ɗinki ta ce, "Injiniya, sa mana na yaron nan da yayarsa."

Da a nan abin ya tsaya da an huta. Sai dai bayan wasu shekaru injin kaset ɗin gida ya mutu, ya kawo faifai biyun. An zo wurin guduma, kowa ya rufe idonsa, kuma tsakanin tsoro da daɗewa Injiniya ya manta abin da ya saba faɗa. Ya ce ga su can sun shiga kwale-kwale, dukan kuma masunta ne ke toshe ɓula.

"Kwale-kwale?" Muryar Tela ta fito daga bayan matashi. "Ba jirgin ƙasa ba?"

Nan take ya gane ya yi kuskure. Amma bakinsa, wanda ba ya iya gaisuwa mai tsawo, ranar ya yi aikin da bai taɓa yi ba. "Ai wannan wata fitowa ce daban," ya ce. "Ke ba ki sani ba ne, kowace fitowa da nata ƙarshen. Haka 'yan Koriya suke yi."

Washegari, don borin kunya, ya jera talabijin biyu a shago yana neman ko da bambanci ɗaya na gaskiya da zai kai gida ya kafa hujja da shi. Ya samu ɗaya, ya samu goma, ya samu hamsin, kuma kafin ya ankara abin ya shiga jininsa. Ka ji asalin ilimin da ake yi wa Injiniya kirari da shi a layin masu gyara. Da faifai na uku ya zo kuwa dole ya ƙirƙiro masa nasa ƙarshen, tunda shi da bakinsa ya kafa dokar. A wannan, wani tsohon likita ne ya iso da magani, dukan kuma kafinta ne ke gyara gadon asibiti. A shafin ƙarshe na littafin nan mai baƙin bango ya rubuta layi uku da ƙananan haruffa, don kada ya sake rikicewa: kaset jirgi, faifai biyu kwale-kwale, faifai ɗaya likita.

Shekara talatin da ɗaya ana haka. Yara sun girma sun watse, yayarsa ta rasu, talabijin sun koma sirara har ya zama rabin aikinsa canza allo ne. Sai idon Tela ya fara yana. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya ta ɗinka wa wata mata hannun riga da shuɗin zare tana rantsuwa baƙi ne. Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ta kai ta asibiti aka yi mata aiki, ido ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka cire bandejin na biyu ta dawo gida tana karanta duk wani rubutu da ke kan hanya da ƙarfi, ta shiga falo ta dubi labule ta ce ashe haka ya yi datti ba wanda ya gaya mata, sannan ta dubi mijinta ta ce, "Kai kuma yaushe ka tsufa haka?"

Cikin murnar ce autar ta kawo wa babanta kyauta. Ta yi oda ta waya, faifan ya iso a ƙaramin gida na ƙarfe: sabuwar fitowar fim ɗin, wadda aka wanke hotonta aka gyara sautin. Injiniya ya riƙe shi da hannu biyu, yana juyawa, yana shinshina takardar ciki, bakinsa ya ƙi rufuwa. Daɗin bai kai minti biyar ba.

"Ranar Asabar za mu kalla," in ji Tela. "Kuma wannan karon ba zan rufe ido ba."

"Haba Tela, likita bai ce ki huta ba?"

"Likita cewa ya yi kada in murza, bai ce kada in kalla ba. An sa min wuƙa a ido ina kwance ina jin hirarsu, fim ne zai ba ni tsoro? In mun gama wannan ka kawo min sauran ukun. Ina so in ga jirgin, in ga kwale-kwalen, in ga tsohon likitan nan da idona. Shekara nawa ina jin labarinsu."

Talata ce ranar. Kwana huɗu ke gare shi, kuma ya san abin da zai rasa. Ba sunan gwani ba, wannan ko a jikinsa. Abin da ke cin ransa shi ne kallon nan da take yi masa duk lokacin da kiɗan ƙarshe ya tashi, kallon matar da ta yarda cewa akwai wanda idonsa ke buɗe saboda ita.

Ya yi dabaru, kuma babu na kirki ko ɗaya. Ranar Laraba ya ce mata injin gida ba zai karɓi sabon faifan ba. Ta ce, "Kai da kake gyara na duniya?" Ranar Alhamis ya yi ta maza, ya ce bari ya kalli ƙarshen shi kaɗai a shago, ko ba komai ya san girman ramin da zai faɗa. Ya buɗe ƙofa wangale, rana na dukan tebur, mai facin taya na buga ƙarfensa a maƙota, ya kashe sautin gaba ɗaya. Hoton sabon faifan kuwa tas, har kana ƙirga zaren rigar yayar. Ta miƙe, ta ɗauki guduma, ta juyo. Sai ga allo ya yi baƙi, rimot a hannunsa, bai ma san lokacin da ya danna ba. Ya sake gwadawa sau biyu, duk kanwar ja ce. Ya yi tunanin ya roƙi autar ta kalla ta gaya masa, sai ya tuna bakinta da na uwarta a haɗe suke. Ya yi tunanin ya karce faifan da ƙusa, har ya ɗauko ƙusar, amma mutumin da ya shekara arba'in yana gyara bai iya ɓata lafiyayyen abu da hannunsa ba. Ranar Juma'a bai ci abincin kirki ba, Tela ta taɓa goshinsa ta ce ko zazzaɓi ne.

Asabar da rana ta ja labule, wanda ta riga ta wanke, ta kawo shayi kofi biyu, ta zauna tsaf a kan doguwar kujera. Matashin da ta saba ɓuya a bayansa ta jefa shi can kan keken ɗinki. Aka fara. Ita ce ma ke ta surutu: ashe yaron yana da tabo a gira, ashe ɗakin yayar akwai furanni a bango, kai wannan ɗinkin wuyan rigar ba a yi shi da kyau ba. Injiniya, wanda ya saba cika mata kunne da minti kaza da minti kaza, ko tari bai yi ba. Shayinsa ya huce har ya yi fata.

Jini ya ƙare a asibiti. Yaron ya dawo hannu wofi. Yayar ta miƙe, ta kai hannu ga guduma. Injiniya ya danna, hoto ya tsaya cak.

"Wuta ce?" in ji Tela.

"A'a. Ni ne." Ya cire tabarau ya riƙe a cinya. "Tela, babu jirgin ƙasa."

"A wannan fitowar?"

"A ko'ina. Babu jirgi, babu kwale-kwale, babu likita. Ƙarshen ɗaya ne a dukansu, tsawonsa ɗaya, na auna. Amma ban san abin da ke ciki ba. Ban taɓa gani ba. Duk sanda kika rufe ido, ni ma nawa a rufe yake."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi da sababbin idanun nan, kuma ya gwammace da tsofaffin ne.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Wato shekara talatin da ɗaya," ta ce a hankali, "mu biyu muna zaune a gaban talabijin ido a rufe, ana cin wuta a banza, fim yana yi wa bango wasa?"

"Haka ne."

"Kai da littafinka? Da agogonka? Har kana tsare bayin Allah a shago kana ba su darasi?"

Dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta riƙe ciki, hawaye na zuba tana ɗaga hannu sama don kada ta manta ta murza ido, tana cewa, "Masunta na toshe ɓula! Wayyo Allah, kafinta!" Shi dai yana zaune tsuru-tsuru, kunya ta rufe shi. Sannan dariyar ta tsaya, kuma abin da ya biyo baya ba wasa ba ne, don ransa ya gaya masa ta ji zafi.

"Me kake tsoro a ciki?"

"Kada ta buge shi," ya ce. "Ita fa ta raine shi."

Tela ta san tasa yayar yake tunawa, ba sai an faɗa ba. Ta ɗauki rimot ɗin daga hannunsa ta ɗora a nata gefen.

"Mayar da tabaranka," ta ce. "In ka rufe ido zan gani."

Ta danna. Yayar ta taho da gudumar, Injiniya ya damƙe hannun kujera, idonsa na raɗaɗi amma a buɗe. Ta kama ƙanenta ta wuyan riga, ta tura shi waje, tsakar gida, ta rufe ƙofa. Sannan ta ɓalle katakon gadonta ta gicciya shi a ƙofar ta ciki, ta fara kafa ƙusa. Ƙwam, ƙwam, ƙwam. Ta gama da ƙofa ta koma taga. Yaron yana waje yana dukan ƙofar da hannu biyu, yana ihu ta buɗe, yana cewa zai nemo, gobe zai nemo. Da ta kafa ƙusar ƙarshe ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ƙofar, daidai inda yake duka, har dukan ya yi rauni. Ko ɗigon jini babu. Kiɗan ƙarshe ya tashi.

Injiniya kuka yake yi sosai, irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne yayarsa, don ranar shi ne babba mai karɓar mutane. "Kanta take rufewa," yake ta faɗa. "Shekara talatin ina zarginta, ashe kanta take rufewa."

Tela ta bar shi ya yi mai isarsa. Sunayen 'yan Koriya na ta hawa a allo, ba mai karantawa. Nata idon ma ya cika, ta ɗan ɗaga kai don hawayen su gangara da kansu.

"Ka san ba ƙaryar ce ta fi ba ni haushi ba," ta ce. "Ƙaryar ma ka iya, na ji daɗinta. Abin da ya ƙona min rai, duk shekarun nan ina ƙanƙame da kai, kai kuma ba ka da wanda za ka ƙanƙame. Da ka buɗe baki sau ɗaya ka ce Tela ina tsoro, ai da na riƙe ka."

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta ce ya yi mata shiru. Ta zare masa tabaran da kanta ta ajiye kusa da kofin shayi, ta jawo kan nan mai furfura a gefe ta kwantar a kafaɗarta. Bai yi gardama ba.